Hukuncin cewa "aradu" ko "kwarankwatsa" a maimakon wallahi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah ina da tambaya. Ni a hannun kakata na tashi, tun muna yara ta hana mu cewa wallahi, tace sunan Allah ba abin wasa bane, in abu ya kama dole sai mun rantse toh muce aradu ko kwarankwatsa, wai su ba su da kaffara. Haka bakina ya saba har na yi aure na hayayyafa. Ranar nan yarona ya dawo daga islamiyya yaji na faɗa sai yace Umma malaminmu yace duk mai cewa aradu ya yi shirka. Malam tun ranar hankalina bai kwanta ba. Menene ma'anar aradu kuma daga ina ta samo asali? Da gaske shirka ce? Akwai kaffara a kaina, kuma ya matsayin aurena? Ita kakata da ta rasu tana faɗa fa? Sannan maigidana in abu ya bashi mamaki yakan ce kutumelesi ko kan uba, su ma rantsuwa ne? Na gode.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Amin 'yar uwa, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan kakarki ya haskaka kabarinta, ya raya miki wannan yaro da yake kawo miki abinda ya koyo.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Yadda kika bada labarin nan baki fita daga musulunci ba, aurenki yana nan daram babu abinda ya taɓa shi, kuma babu kaffarar ciyarwa ko ta azumi a kanki. Amma kalmar ki daina ta, ita da kwarankwatsa duka, kuma zan yi miki bayanin dalili dan ki barta da sani ba dan tsoro kawai ba.

Aradu asalinta Larabci ce, ar-ra'adu. Kin san Bahaushe in ya ari kalma daga Larabci sau da yawa yakan haɗiye ta ne har da alif da lam ɗinta, shi yasa ar-rizƙu ta zama arziki, an-nabiyyu ta zama annabi, as-subhu ta zama asuba, az-zuhru ta zama azahar, toh haka ar-ra'adu ta zama aradu. Akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai wannan suna, Suratur Ra'ad, ita ce ta 13 a jerin surori, kuma a aya ta 13 a cikinta Allah yake cewa "wa yusabbihur ra'adu bi hamdihi wal mala'ikatu min khifatihi", wato aradu tana tasbihi da gode masa, mala'iku ma suna yi saboda tsoronsa, sannan yace yana aiko da sawa'iƙ ya samu wanda ya so da su. A Larabci ra'adu ita ce ƙarar, sa'iƙa kuma ita ce wadda take faɗowa ta ƙona, amma mu a Hausa sai muka ɗora sunan aradu akan mai faɗowar, muka bar tsawa da cida wa ƙarar. Ita kuwa kwarankwatsa tamu ce ta gado, kwaikwayon ƙarar ne kawai, ki faɗe ta a hankali zaki ji yadda take fashewa a baki kamar yadda abin yake fashewa a sama.

Toh kalmar daga Larabci ta zo amma rantsuwa da ita ba daga addini ta zo ba, anan mutane da yawa suke ruɗewa, sai kaji wani yace ai aradu tana cikin Alƙur'ani. Eh tana ciki, a matsayin baiwa mai tasbihi, ba a matsayin wadda ake rantsuwa da ita ba. Rantsuwar ta girmi zuwan kalmar, ragowar wani tsohon tsoro ne da kakanninmu suke yi wa tsawa tun zamanin maguzanci, suna ganinta kamar alƙaliya mai bin ɓarawo da maƙaryaci har inda yake ta kashe shi. Har yau ɓurɓushin wannan yana nan, akwai wasu duwatsu masu santsi da kaifi a baki ɗaya da manoma kan tsinta a gona ana ce musu gatarin aradu wai su ne suke faɗowa daga sama, alhali masu binciken kayan tarihi sun nuna gatura ne na dutse da mutanen dauri suka sassaƙa da hannunsu kafin a san ƙarfe. Akwai masu cewa boka yana iya tura wa mutum aradu. Maƙwabtanmu ma suna da irin wannan a gargajiyarsu, Yarbawa suna da Shango, Inyamurai suna da Amadioha, duk abin bauta ne na tsawa da ake rantsuwa da shi ake tsoron ya hukunta mai ƙarya. Kuma cikakkiyar maganar ba "aradu" kaɗai bace, gutsure ta akayi, asalinta mutum yace aradu ta faɗo mini in ƙarya nake, ko kwarankwatsa ta tarwatsa ni in ni na ɗauka. Kinga kenan a farkonta ba ƙaramar rantsuwa bace, ita ce ma babbar, ita ake kai mutum gare ta in magana ta ƙi ƙarewa. Da musulunci ya kafu wancan imani yayi ta mutuwa a zukata sai kalmar ta rage a baki babu nauyi, har ta koma abinda ake ba yara su riƙa faɗa dan kar su taɓa sunan Allah, yanzu ma har a fim in ana so a nuna mutum baƙauye ne sai a cika masa baki da aradu da kwarankwatsa dubu ana dariya.

Bari in ɗan ratse anan dan abin yana ci mini rai kuma rai ake rasawa a kansa. Wannan maganar da ake cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an nemo madara an zuba, ba ta da asali a addini kuma ba ta da asali a likitanci. Wutar ba ta zama a jikin mutum, ta riga ta wuce ƙasa, a ɗauke shi nan take a nufi asibiti, sau da yawa zuciya ce ko numfashi yake tsayawa kuma in an yi gaggawa ana iya ceto shi da ikon Allah. Mutane su kewaye shi suna kallo ana jiran a nemo nono a rugar Fulani wannan sakaci ne da rai. Kuma in hadari ya taso a bar fakewa ƙarƙashin doguwar bishiya a fili.

Mu dawo kan hukunci. Asalin babin hadisin Abdullahi ɗan Umar ne wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim ma suka ruwaito, cewa Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya riski Umar ɗan Khaɗɗabi cikin ayari yana rantsuwa da mahaifinsa, sai yace ku saurara, Allah yana hana ku rantsuwa da iyayenku, wanda zai rantse toh ya rantse da Allah ko yayi shiru. Umar yace wallahi tun daga ranar bai ƙara rantsuwa da ita ba, ko da kansa ko yana ba da labarin wani. Ki lura da ƙarshen hadisin nan sosai dan shi ne amsar tambayarki gaba ɗaya, ƙofa biyu aka buɗe, ko Allah ko shiru, ba a buɗe ta uku ba. Wannan lafazin shi Ibnu Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira ya buɗe babin rantsuwa da shi a Risala, littafin da kusan duk wanda ya zauna a zaure a ƙasar nan ya karanta. Idan uba da Allah ya haɗa haƙƙinsa da nasa a Alƙur'ani an hana rantsuwa da shi, ina ga tsawa.

Sai hadisin da malamin islamiyyar yake nufi, shi ma daga Ibnu Umar ne, Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya rantse da wanin Allah haƙiƙa ya kafirta ko yayi shirka. Malamin bai ƙirƙiro magana ba, hadisi ya faɗa. Abinda ya rage shi ne bayani, dan shi kansa Tirmizi bayan ya kawo hadisin cewa yayi wasu ma'abota ilimi sun fassara shi da cewa tsanantawa ce, kuma ya kafa hujja da cewa Annabi bai ce wa Umar ya kafirta ba, hana shi kawai yayi. Shi yasa malamai suke kiran wannan ƙaramar shirka, wadda zunubi ce babba amma ba ta fitar da mutum daga addini ba ta raba aure. Ina roƙon 'yan uwana masu koyar da yara, in za a faɗi irin wannan hadisi a faɗe shi da bayaninsa, yaro ɗan shekara goma in aka bashi rabin magana zai je gida yana kallon uwarsa a matsayin mushrika, kuma ba wannan ake nema ba.

Masu cewa aradu ba ɗaya suke ba, kuma hukuncin yana bin abinda ke zuciya.

Akwai wanda bakinsa ne kawai ya saba, bai san ma'anarta ba ko ya sani amma ko kaɗan tsawa bata zo masa a rai lokacin da yake faɗa, kamar dai yace gaskiya ko da gaske. Ke anan kike, kuma mafi yawan mutanenmu anan suke. Wannan ba a ce masa mushriki, kafin ya sani ma babu laifi a kansa dan Allah ya koya mana mu ce "rabbana la tu'akhizna in nasina au akhɗa'ana", wato ya Ubangijinmu kar ka kama mu in mun manta ko mun yi kuskure, a ƙarshen Baƙara kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah yace na amsa. Amma bayan ya sani dole ya yaƙi harshensa. Wani zai iya kawo hadisin da ke Muslim inda Annabi yace game da wani balaraben ƙauye "aflaha wa abihi in sadaƙa", ya rabauta, da ubansa, in yayi gaskiya, yace ai ga shi Annabi ma ya faɗa. Malamai sun amsa wannan ta fuskoki, Imamun Nawawi yace kalma ce da take gudana a harshen Larabawa ba da nufin rantsuwa ba, wasu suka ce kafin hani ne, Ibnu Abdil Barr kuwa babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu 463 cewa yayi wannan ƙarin bai tabbata ba, kuma ruwayar Muwaɗɗa babu shi. Ni abinda nake ɗauka daga amsar Nawawi shi ne a sassauta wa wanda ta suɓuce masa, amma ba lasisi bane na mutum ya cigaba da abinda aka hana ƙarara yana sane, ba a barin hadisai bayyanannu a riƙe lafazi ɗaya da malamai suka yi saɓani akan tabbatarsa.

Akwai kuma wanda da gangan yake rantsuwar, ya san da tsawa yake rantsewa kuma ya zaɓe ta dan ya ƙarfafa maganarsa, sai dai bai ɗauka tana da wani iko na kanta ba. Wannan haramun ya aikata, sai ya tuba. A mazhabarmu ta Malikiyya an samu maganganu biyu akan rantsuwa da abinda shari'a ta girmama kamar Annabi ko Ka'aba, wasu suka ce makaruhi wasu suka ce haramun, kuma ko a can ɗin abinda hadisi ya nuna a bari ne, dan Nasa'i ya ruwaito cewa sahabbai suna cewa "da Ka'aba" sai Annabi ya umarce su su riƙa cewa "da Ubangijin Ka'aba". Amma abinda shari'a bata ɗora masa wata alfarma ba, balle wanda asalin rantsuwa da shi daga bautar wanin Allah ya fito, wannan haramcinsa a fili yake.

Na ukun shi ne abin tsoro, kuma akwai shi, ba ƙirƙirarsa nayi ba. Mutumin da zai zuba miki wallahi tallahi goma akan ƙarya ko gezau, amma kice masa toh kace aradu, in da damina ne hadari ya haɗo gabas yayi baƙi, sai kiga ya kama inda inda ya ƙi faɗa. Me wannan yake nunawa? A zuciyarsa tsawa ta fi Allah saurin kamu, ya fi tsoron baiwa akan Ubangijinta. Shehu Khalil a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar, yace wanda ya rantse da irin su Uzza, gunkin Larabawan jahiliyya, in girmamawa yake nufi toh kafirci ne. Duk wanda ya ƙudurta cewa aradu da kanta take gane maƙaryaci ta bi shi, ko yake girmama ta irin girman da Allah kaɗai ya cancanta, wannan ya shiga babbar shirka sai ya sabunta imaninsa. Irin wannan gaurayen ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yayi ta faɗa da shi a ƙasar Hausa tun kafin jihadin 1804, mutane suna sallah suna azumi kuma suna girmama duwatsu da itatuwa. Amma wannan hukunci ne na abinda ke cikin zuciya, ba a bin mutane ana liƙa musu shi dan an ji kalma a bakinsu.

In kuma mutum ya faɗi cikakkiyar maganar, aradu ta faɗo mini in kaza, toh ya ƙara wani laifin akan na farko, ya yi wa kansa mugun baki. Annabi yace kar ku yi mummunar addu'a akan kanku ko 'ya'yanku ko dukiyarku, kar ku dace da wani lokaci da ake roƙon Allah a cikinsa ya amsa muku, Muslim ya ruwaito daga Jabir. Iyaye mata a kula da wannan musamman akan yara.

Wasu suna ganin sun gyara sai suce aradun Allah. Bai gyaru ba. Jingina abu ga Allah iri biyu ne, akwai siffarsa kamar girman Allah, ikon Allah, zatin Allah, wannan rantsuwa ce da Allah kuma tana ɗauruwa, haka Alƙur'ani dan maganarsa ce, wanda yace Alƙur'an zan yi kaza ya rantse rantsuwa cikakkiya mai kaffara, mutane suna wasa da wannan suna ɗauka ƙarama ce. Akwai kuma halittarsa kamar ɗakin Allah, bawan Allah, ƙasar Allah, toh aradun Allah anan take, halitta ce ko an jingina ko ba a jingina ba. Wanda yace ai Allah ma ya rantse da rana da dare da ɓaure da zaitun, sai muce Allah yana rantsuwa da abinda ya so cikin halittarsa dan ya nuna mana girman aikinsa, mu bayi an iyakance mana.

Yanzu maganar kakarki. Abinda ta gudar muku gaskiya ne, Allah yace "wahfazu aimanakum" ku kiyaye rantsuwoyinku a Ma'ida aya ta 89, kuma ya zargi mai yawan rantsuwa a Suratul Ƙalam aya ta 10. Tsohuwar da ta hana jikokinta wasa da sunan Allah girmama Allah ne ya sa ta, kuma ina kyautata zaton Allah zai bata ladan wannan niyya ya yafe mata abinda bata sani ba, ki cigaba da yi mata addu'a da sadaka kar shaiɗan ya sa miki waswasi akanta. Kuskuren yana wajen maganin da aka kawo ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mu a tunaninmu wallahi ce mai nauyi aradu ce mai sauƙi, a ma'aunin shari'a kuwa abin a juye yake. Abdullahi ɗan Mas'ud yana cewa in rantse da Allah ina mai ƙarya ya fi soyuwa gare ni akan in rantse da waninsa ina mai gaskiya. Ba ƙarya yake halattawa ba, rantsuwa da Allah akan ƙarya tana cikin manyan zunubai, yana nuna miki ne cewa duk munin wancan, ɗaukar haƙƙin Allah a ba wata halitta ya fi shi muni, dan rantsuwa girmamawa ce, kana kiran wanda ka yarda yana ganin abinda ke ɓoye ya zama shaida, toh wa yake ganin ɓoye in ba Allah ba.

Da ta ce aradu ba ta da kaffara ta faɗi daidai, amma rashin kaffara ba alamar sauƙi bane. Rantsuwa da halitta bata ɗauruwa ne tun farko shi yasa babu abinda za a warware. Ki duba rantsuwar gamusa, wato mutum ya rantse da Allah akan abinda ya wuce yana sane ƙarya yake, ita ma a wajen Malik ba ta da kaffara, ba dan ƙanƙantarta ba, dan ta fi ƙarfin kaffara ne sai tuba. Kuma tunda tsoron kaffara ne yake kora mutane zuwa aradu bari in faɗi yadda take dan ba dodo bace. Tana wajaba ne in ka rantse da Allah zaka yi abu nan gaba ko ba zaka yi ba sannan ka saɓa. Sai ka ciyar da miskinai 10, kowanne mudu ɗaya da mudun Annabi na abincin da garin suka fi ci, ko ka tufatar da su, ko ka 'yanta baiwa ko bawa, in duk baka da halin waɗannan sannan ne zaka yi azumin kwana 3. Mutane da yawa suna tsallakewa kai tsaye zuwa azumi alhali suna da abin ciyarwa, wannan bai isar ba, ayar Ma'ida a jere ta kawo su. Wanda kuma ya rantse akan abinda yake da yaƙinin haka ne sai ta bayyana ba haka bane, wannan shi ne lagwu a fassarar Malik babu komai a kansa, Nana A'isha kuma ta fassara lagwu da irin a'a wallahi, eh wallahi da ke fita a baki cikin hira ba da ƙudurin zuciya ba, Shafi'i ya tafi akan haka.

Abu ɗaya da zan ƙara dan 'yan kasuwa, kar wani yaji ance aradu bata ɗauruwa yace toh ya samu hanyar da zai rantse wa mai saye akan ƙarya ba tare da komai ba. Ƙaryar tana nan a ƙaryarta, kuɗin da ka ci da ita haramun ne, ka kuma ɗora rantsuwa da wanin Allah a kai. Ko rantsuwa da Allah ɗin ma Annabi cewa yayi tana sayar da haja tana kuma shafe albarka.

Abinda zaki yi yanzu kaɗan ne. Ki yi istigfari akan abinda ya wuce. Duk sanda ta suɓuce miki kice la'ilaha illallah, dan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya rantse yace da Lata da Uzza toh yace la'ilaha illallah, kuma wannan ya faru da sahabbai da kansu saboda sabon baki, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya faɗa yana sabon shiga musulunci hankalinsa ya tashi kamar yadda naki ya tashi, yaje wajen Annabi, aka umarce shi da kalmar tauhidi da neman tsari daga shaiɗan aka ce kar ya sake, ba a ce ya sake ɗaura aure ba. Zai ɗauki lokaci kafin bakin ya saki, abinda aka yi shekaru ana faɗa ba zai fita a sati ɗaya ba, kar ki gaji. Kuma kar ki cike gurbinta da wallahi a kowace jimla, ki koma abinda kakarki take so tun asali, ki faɗi maganarki kawai, in an matsa kice da gaske nake, in abu ya kai a rantse kamar gaban alƙali ko wajen kare haƙƙi sai ki rantse da Allah akan gaskiya. In kuma kinji tsawar kanta, Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubair in yaji ta yakan bar magana yace "subhanallazi yusabbihur ra'adu bi hamdihi wal mala'ikatu min khifatihi", ki koya wa yaranki wannan.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Kutumelesi da kan uba da jar uba ba rantsuwa bane, babu kaffara babu maganar shirka a cikinsu, su daga gidan ashar suka fito. Mutum ne ya ɗauko zagin nan mai ambaton al'aurar uba sai kunya ta kama shi a hanya, sai ya lanƙwasa ƙarshen kalmar zuwa wani sauti marar ma'ana ko ya cire mummunar kalmar ya sa wata a wajenta. Toh nan lanƙwasawar ta rage muni da gaske, ba kamar aradu ba, dan wanda ya kauce wa faɗin batsa ƙarara ya fi wanda ya faɗe ta. In maigidanki mamaki ne kawai yake sa shi faɗa ba wani yake nufi ba, ba zan ce ya yi haramun ba, Larabawa ma suna da kalmomin da zahirinsu addu'a ce mummuna amma ba a nufinta, kamar "sakilatka ummuka", wato mahaifiyarka ta rasa ka, da Annabi ya faɗa wa Mu'azu. Sai dai waɗancan babu batsa a asalinsu, waɗannan kuwa duk babban da yaji ya san inda aka dosa, shi yasa nake ganin makaruhi ne kuma bai dace da magidanci ba musamman gaban 'ya'yansa, dan yaro in ya ɗauka wata rana sai ya nemo cikon. Annabi yace mumini ba mai yawan suka bane, ba mai yawan tsinuwa ba, ba mai alfasha ba, ba mai ƙazamin baki ba, Tirmizi ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud. In kuwa cikin faɗa ya jefa wa wani ita yana nufin ubansa, toh zagi ne cikakke ko an gutsure ko ba a gutsure ba, kuma Annabi ya ƙirga cikin manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa, aka ce ya za a yi mutum ya zagi iyayensa, yace ya zagi uban wani sai a zagi ubansa, ya zagi uwar wani sai a zagi uwarsa. Ki faɗa masa cikin ladabi lokacin da yake cikin nishaɗi ba gaban yara ba, subhanallah ko ikon Allah sun ishe shi wajen mamaki.

Shi kuma yaron ki zaunar da shi kice masa malaminsa yayi gaskiya ba a rantsuwa da aradu, kin daina, in yaji ta fito ya tuna miki a hankali, sannan ki fahimtar da shi cewa wanda ya faɗa bisa sabon baki ba a kiransa mushriki, dan kar ya fita unguwa yana faɗa wa tsofaffi haka.

Wallahu a'alam.